Baba Motar Farko

Idan na ce babanmu mutum ne mai gudu, waɗanda suka san shi a ƙarshen rayuwarsa za su ce ƙarya nake shara musu. Su tsoho suka sani mai jan ƙafa, wanda sai ya huta sau biyu kafin ya gama hawa benenmu. Ni kuwa na san shi lokacin da yake tsallake matakala bibbiyu, ledar burodi tana lilo a hannunsa, yana haki yana ƙwala tambaya tun daga ƙasa: "Ya yi barci? Ku ce mini bai yi barci ba!"

A kamfanin batir yake aiki, can bayan gari inda kwalta ta ƙare. Ina ƙarama a sashen kwali yake, yana jera batir ana ɗaurewa, ya dawo gida fes kamar wanda ya wuni a ofis. Shekarar da na cika tara abubuwa biyu suka faɗo gidanmu cikin wata guda. Aka yi masa ƙarin girma zuwa sashen tanderu, inda ake narka dalma a zuba ta cikin mazubi ta fito faranti-faranti na cikin batir. Sannan Mama ta haifi namiji, bayan shekara tara ana jira har an fara fid da rai. Tun ranar aka kira shi Auta, ni kuma na tashi daga sunana na koma Yaya a bakin kowa, har da Baban kansa. Baba ya ce yaron ya zo da goshi, kuma duk wanda ya shigo barka sai ya ji wannan maganar.

A bangon sashen tanderu an rubuta da jan fenti cewa kowa ya yi wanka ya sake kaya kafin ya fita. Ba a rubuta dalili ba. Ma'aikatan suka ƙirƙiro nasu dalilin: wasu suka ce don kada a cika aljihu da dalma a fita da ita ne, wasu suka ce hancin manaja ne ba ya son warin gumi. Famfo shida ne a banɗakin, maza kuwa sun haura sittin. Jiniya tana bugawa ƙarfe biyar, motar kamfani ta farko tana tashi biyar da kwata, ta biyu sai bakwai saura. Wanda ya tsaya layin wanka, to ya yi sallama da ta farko. Shi kuma Auta kamar kaza yake, rana na faɗuwa zai ɓingire da barci, ko ganga aka buga a kansa ba zai motsa ba. Wanda ya biyo mota ta biyu, yaro mai barci zai tarar.

Sai Baba ya daina wanka a kamfani. Jiniya na bugawa zai ajiye ludayin ƙarfe, ya wanke hannu sama-sama, ya runtuma da shuɗiyar rigar aikinsa a jiki, ya zama na farko a mota. Ba shi kaɗai ke yin haka ba, amma shi ne bai taɓa fashi ba, har suna ya bi shi. Abokinsa Dogo, wanda suke tsayuwa gaban tanderu ɗaya, shi ya laƙaba masa.

"Motar Farko!" in ji Dogo, duk ranar da ya zo gidanmu. "Kai dai da a ce ana ba da lambar yabo ta ƙin wanka, da ka cika ƙirji. Ka bi a hankali, sauri kan haifi nawa."

"Kai da naka suka yi gemu ai sai ka tsaya ka yi ta wanka," in ji Baba. "Ni nawa bai san fuskata ba tukuna. So kake ya tashi yana kirana baƙo?"

Ɗaki biyu ne gidanmu, a hawa na biyu na wani dogon bene da duk mazauna cikinsa 'yan kamfani ne. Keken ɗinkin Mama yana jikin taga, rediyo a kan kabad an lulluɓe shi da ƙyalle, gadona a bayan labule. Akwai baranda siririya mai kallon titi, daga nan ake hango motar kamfani ta sha kwana wajen mai faci. Ina hango ta zan ce, "Ga su nan!" Mama ta ɗaga ƙafa daga keke, ta goge wa Auta baki. Kafin a ƙirga ashirin Baba ya iso. Ba ya zama, ba ya shan ruwa. Zai ɓalle maɓallai uku na tsakiyar rigar, ya karɓi yaron ya zura shi ciki a kan ƙirjinsa, ya mayar da maɓalli ɗaya, kan Auta kaɗai ke leƙowa ta wuyan riga. A haka za su yi ta safa da marwa a baranda, Baba yana ba shi labarin duk abin da ya faru a kamfani kamar yana magana da sa'ansa: wanda ya makara, wanda aka yi wa faɗa, yadda Dogo ya zauna a kan kwanon abincinsa. Auta yana saurare yana tsotsar wuyan rigar. Da ya fara haƙori, har ya huda ta wajen ɗinkin, Mama ta yi masa faci sau uku.

Ba zan ɓoye ba, na yi kishin rigar nan kamar in mutu. Shekara tara ina sarauta a gidan, rana ɗaya aka tuɓe ni ba shawara. Na taɓa tsayawa gabansa na ce ni ma a saka ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Yaya, ke da ƙafafun nan naki kamar na zalɓe, ta ina za su bi?" Na shiga bayan labule na yi kuka mai isata, ya biyo ni da ɓangaren burodi mai laushi ya lallashe ni. Yau in na tuna abin da na yi wa kuka, sai jikina ya yi sanyi.

Bayan Auta ya yi barci sai Baba ya tuɓe rigar, Mama ta fita da ita baranda ta kakkaɓe. Wata ƙura ce mai launin toka, mai nauyi, ba ta tashi sama kamar ta hanya, sai ta zube ƙasa tana ɗan walƙiya. Aikina ne in share ta da safe kafin makaranta, kuma ni da shara ba ma ga maciji, don haka tsakiya nake sharewa in tura sauran lungu. A wannan barandar Auta ya koyi rarrafe. Mama takan ce ƙurar aiki ba datti ba ce, ita ke kawo abinci gida. Babu wanda ya musa mata, domin mu ma haka muka gani.

Auta ya fara da wayo. Kafin ya shekara ya iya cewa "mota" da "Baba" da "Yaya", kuma da ya ji ƙarar bas zai rarrafa ƙofa. Daga nan abin ya tsaya, kamar an taka masa birki. Ya shekara biyu ba a samu ƙari ba, har "Yaya" ɗin ma ta ɓace. Ya zama yaro mai yawan ciwon ciki, mai ƙin abinci, mai fushi ba dalili, ya yi ta ihu har jijiyar wuyansa ta fito. Kowa a benen ya zama likita. Wata ta ce haƙori ne, wata ta ce maza dama sun fi nauyin baki, wata ta ce shagwaɓa ce ta ɗan lele. Aka kai shi ƙaramin asibiti sau da yawa, a ba da maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini, a dawo. Baba kuwa, duk ranar da aka ce yaron bai ji daɗi ba, sai ya ƙara masa lokaci a cikin rigar. Da ya yi girman da ba zai shiga ba, sai ya goya shi a kafaɗa, yaron ya kwantar da kai yana cizon wuyan rigar kamar yadda ya saba.

Da aka sa shi makaranta ne abin ya fito fili. Baƙin da ya koya yau, gobe ya tashi kamar bai taɓa ganinsa ba. Malamarsu ta ce ba ya zama wuri ɗaya, ba ya riƙe abu. Baba ya ce malamar ce ba ta iya ba, ya sayo ƙaramin allo da alli, ya mayar da teburin cin abincinmu aji. Kullum yamma, da rigar aikin a jikinsa, zai zana baƙi uku ya ce a maimaita. Wata rana sun yi sati guda a kan baƙi ɗaya, ya nuna ya ce, "Wannan fa?" Auta ya zuba masa ido. Baba ya daki teburin da tafin hannu har kofi ya faɗi ya fashe.

"Kai wane irin yaro ne? Jiya fa ka faɗa! Da gangan kake yi?"

Auta bai yi kuka ba. Ya sauka daga kujera ya tsuguna yana tsince fasassun kofin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na ji Baba ya ɗaga masa murya, amma ya ɗauki ranar ya riƙe har ƙarshen ransa.

Auta yana da shekara shida aka turo wasu ma'aikatan lafiya kamfanin, suka ɗebi jinin ma'aikata, suka ce a kawo yaran gida ma. Bayan sati biyu aka kira mu babban asibiti. Mama tana da ɗinkin da za a karɓa ranar, sai na raka su don in riƙe Auta. Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau, takardarmu a gabanta. Ta ce a duk yaran da aka gwada, dalmar da ke jinin Auta ta fi ta kowa, nesa ba kusa ba, kuma tana so ta gane ta ina ta shiga. Ta tambayi ruwan da muke sha, da fentin ɗakin, da ko gidan yana kusa da kamfani. Sannan ta ce, "Malam, kana kusantar yaron da kayan aiki a jikinka?"

Baba ya yi murmushi. Wallahi murmushi ya yi, irin na wanda aka tambaye shi abin da yake alfahari da shi.

"Likita, ai wannan a cikin rigata ya girma. Tun yana wata biyu. Ban taɓa tsayawa wanka ba don kada in tarar ya yi barci. Ki tambayi kowa a kamfani, Motar Farko suke ce mini."

Likitar ta ajiye biro. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Na ga murmushin Baba yana janyewa a hankali.

"Malam, ka taɓa shuka kabewa?" ta tambaye shi.

Ya ce ya taɓa, yana yaro.

"To ƙwaƙwalwar jariri haka take. Cike take da ƙananan ƙwayoyin jijiya, kowace tana yaɗo, tana miƙa hannu ta kama 'yar'uwarta. Inda suka kama juna, nan magana take zama, nan lissafi yake zama, nan yaro yake ajiye abin da aka koya masa. Shekarun farko su ne lokacin yaɗon. Ita kuma dalma, jiki ba ya gane ta. Yana ɗaukar ta kamar sinadarin nan na cikin madara mai gina ƙashi, sai ya buɗe mata ƙofa. In ta shiga sai ta zauna a wurin da ba nata ba, wani yaɗon ya tsaya, wani ya kama inda bai kamata ba. Kai babba in ka haɗiyi ƙurar, kaɗan ce take shiga jininka. Yaro ƙarami kusan rabinta yake ɗauka, ga shi komai ya samu baki yake kaiwa."

"A cire masa," in ji Baba. "Ko jinina za a ɗiba a sa masa, a ɗiba."

"Za mu ba shi magani ya rage ta cikin jini, kuma zai ji sauƙin ciwon cikin. Ku ci gaba da koya masa da haƙuri, zai ƙaru. Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da bai tsiro a lokacinsa ba, ba ni da maganin da zai tsiro da shi."

A ƙasa muka koma gida ranar, tafiyar fiye da awa guda, domin Baba ya wuce tashar bas bai gan ta ba, ni kuma ban iya yi masa magana ba. Auta yana tsakiyarmu yana shurin gwangwani. Da muka isa ya gaya wa Mama komai a tsaye, bai rage ko kalma ba. Mama ta dubi hannayenta ta ce, "Ni ce nake kakkaɓewa." Ni kuma na tuna lungunan da nake tura shara. Kowa a gidan ya samu rabonsa na laifi, amma Baba ya tattara duka ya ɗora a kansa, ya hana kowa taɓawa. Ni har gobe ina ganin babban kason na wanda ya kafa famfo shida wa mutum sittin ne, ya rubuta doka bai rubuta dalili ba. Na faɗa wa Baba haka ya fi sau ɗari. Sai ya ce, "Su suka kafa famfo, Yaya, amma ni na ɓalle maɓalli."

Aka kwantar da Auta asibiti, aka sallame shi. Muka wanke gidan da ruwa da sabulu tun daga rufi har ƙasa, aka zubar da tabarmar baranda da katifarsa. Baba ya koma na ƙarshe a layin wanka, yana dirzar jikinsa har fatarsa ta yi ja, ya biyo mota ta biyu da kayan gida tsaf. Sai dai ya ɗauko wata sabuwar cuta: ya daina taɓa yaron. Auta zai zauna a matakala yana jira, yanzu da ya girma yana iya kaiwa bakwai ido biyu, da ya gan shi zai taso da gudu, Baba ya ɗaga hannaye sama ya raɓa ta gefe. Wata huɗu ana haka. Yaron ya koma fitsarin kwance. Mama ba mace ce mai faɗa ba, amma wata Asabar da rana ta tashi daga kan keke ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Baban Auta, ka saurare ni. Na farko ba ka sani ba, Allah ya gani. Wannan na biyun fa? Yaro yana ganin don ya kasa karatu ne ka guje shi. Ka yi wanka, ka sake kaya, me ya rage a jikinka? Ka ɗauki ɗanka."

Baba ya juya wajen yaron. Sannan ya tsuguna ya buɗe hannu, Auta ya yi ta kallonsa yana shakka kafin ya taho. Na bar musu ɗakin, don ban taɓa ganin Baba yana kuka ba kuma ban so in fara ranar.

A kamfani kuma ya zama ƙarfen ƙafa. Jiniya na bugawa zai ruga kamar da, amma ba shiga motar zai yi ba, ƙofarta zai tare. Duk wanda ya zo da shuɗiyar riga sai ya tambaye shi, "Kana da ƙaramin yaro a gida? Koma ka yi wanka." Wasu suka koma. Wasu suka ce masa tsohon ɓarawo ya zama ɗan sanda. Wani matashi ya ture shi har ya faɗi ya gurje gwiwar hannu, washegari ya sake tsayawa a wurin da bandeji. Dogo ya gaya mini cewa ba ya wa'azi, ba ya dogon bayani, abu ɗaya yake maimaitawa: "Zo gidana ka ga nawa." Daga baya an ƙara famfo, an matsar da lokacin motar, an hana fita da rigar aiki gaba ɗaya. Ban ce don shi aka yi ba. Amma akwai mutane a benenmu da suka yi karatu har suka zama wani abu, waɗanda ba su san cewa wani mutum ya taɓa mayar da ubansu layin wanka ba.

Auta bai wuce aji uku ba. Ni na zama malamar makaranta, shekara ashirin da biyu ke nan ina koya wa 'ya'yan mutane baƙi, ƙanina kuwa har yau sunansa kaɗai yake iya zanawa, shi ma kamar hoto yake zana shi. Amma ya samu abinsa. Wani mai sayar da furanni a bakin titi ya ɗauke shi ban-ruwa, yanzu ya fi shekara ashirin a wurin. Ya san kowace tukunya, ya san wadda take son inuwa da wadda ruwa ke yi wa yawa. Magana yake yi a hankali, kuma in ka tambaye shi abu sai ka jira, domin ba ya amsa abin da bai gama juyawa a kansa ba. Har Baba ya tsufa, Auta bai taɓa sanin dalilin da ya sa yake haka ba. Mama ta hana a gaya masa, ta ce a bar kaza cikin gashinta.

Dalmar ba ta bar Baba shi ma ba. Ya bar aiki da hannun dama da ba ya iya ɗaga shi daga wuyan hannu, da ƙoda mai ciwo, da mantuwa. Bayan rasuwar Mama suka rage su biyu a ɗakunan nan, ni ina zuwa duk ƙarshen mako. Auta ne ke yi masa wanka, ya aske shi, ya yanke masa farce. Baba ya sha jan hannuna ya ce, "Yaya, ba zan tafi da wannan abin ba. Yana yi mini hidima bai san wanda yake yi wa ba." Ni kuma in ce ya bari, me zai ƙara? Tsoro nake ji, gaskiya. Ina tsoron Auta ya kasa fahimta Baba ya ji zafi, ina kuma tsoron ya fahimta.

Wata Lahadi da la'asar, ina ninke wanki, Auta yana zaune a ƙasa yana yanke masa farcen ƙafa, sai na ji Baba ya fara. Bai nemi shawarata ba. Ya faɗa masa a hankali, da ƙananan kalmomi, tun daga layin wanka har maganar likita. Ya ce, "Ba haka aka haife ka ba, Auta. Da wayonka ka zo. Ni na kawo abin gida a jikina, na sa ka a ciki da hannuna. Kuma ranar da na daki tebur na ce da gangan kake yi, ba laifinka ba ne. Ina roƙonka ka yafe mini."

Auta ya ajiye abin yankan farcen. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Da zan iya karatu? Kamar Yaya?"

"Da za ka iya. Wataƙila ma ka fi ta."

Na zaci zai ce ba komai, kamar yadda kowa ke ce wa tsoho marar lafiya. Na ma buɗe baki zan ce masa ya faɗa. Sai ya ce, "Bari in yi tunani, Baba. Ka san ni a hankali nake." Ya ɗauki abin ya gama yanke sauran farcen, ya tattara su a takarda ya fita da su.

Ban koma gidana ba. Na nemi izini a makaranta na zauna, raina a ɓace da su duka biyun. Auta yana yin komai yadda ya saba, ya dafa shayi, ya yi masa wanka, ya tafi aiki, ya dawo, amma ba ya magana. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Baba ba ya cin abincin kirki, idonsa a kan ƙofa. Na ce bari in je in same shi a wurin furanni in gaya masa cewa uba ba ya roƙo a bar shi a tsaye. Baba ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya.

"Kada ki kuskura. In kika sa masa a baki, yafiyar taki ce, ba tasa ba."

Ranar Laraba da safe Auta ya shirya zai tafi aiki, har ya sa takalmi. Sai ya cire su ya dawo, ya zauna a bakin gadon Baba.

"Baba, na gama."

Baba ya yunƙura zai tashi zaune ya kasa, na tallafe shi.

"Na yafe," in ji Auta. "Ba ka sani ba. Kuma ka daina ƙin cin abinci." Yana murza yatsunsa, na san akwai saura. "Amma na so in iya karatu, Baba. Na so sosai. Kullum in Yaya tana karanta maka takardar magani, ina kallo."

Baba bai ce masa ya yi haƙuri ba, bai ce haka Allah ya so ba. Ya gyaɗa kai, hawaye na bin gefen hancinsa, ya ce, "Na sani, ɗana. Ni ma na so."